Tarihin Sarkin Kabi Sama'ila ɗan Yakubu Nabame, da yadda aka yanka ƙasarsa a kan takarda

Muna farawa da sunan Allah, Sarkin da mulkinsa ba shi da iyaka, muna salati ga Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, ya ku malamai da almajirai, da ku fatake masu bin hanyar Gaya da Malanbil, ga labarin Sarkin Kabi Sama'ila, wanda Kabawa ke kira Sama. Dalilin ɗauko shi, wani almajirina a nan Kamba ya tambaye ni wane sarki ne ya sayar da Gaya ga Faransa, har ya zama ba ya iya zuwa gaida kawunsa sai an tsai da shi a hanya. Na ce masa babu sarkin da ya sayar, amma bayanin yana da tsawo.

Sama ya gāji sarauta da yaƙi tare. Gidansu gidan Kanta ne, mai Surame. A shekarar 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, sarautar Kabawa ta yi ta ƙaura har ta zauna a Argungu. Kakansa Sama'ila Karari an kashe shi a 1831. Ubansa Yakubu Nabame aka tafi da shi Sakkwato, ya daɗe a hannu, daga baya aka sake shi, a 1849 ya ta da tuta, Arawa da Zabarmawa da mutanen Dandi suka bi shi. Shi ma a fagen fama ya cika, a 1854, Sama yana yaro.

A zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wajen 1867, aka ƙulla sulhu tsakaninsa da Sarkin Musulmi Ahmadu Rufa'i, shi ne ake kira Lafiyar Toga. Aka yarda Argungu tana cin gashin kanta, garuruwan da ke hannunta su zauna a hannunta, wanda aka kama a yaƙi ya zauna wurin wanda ya kama shi. Ku lura da wannan sulhu, domin za mu auna wasu da shi. Masu ƙasa ne suka yi shi da kansu, da harshen da suke ji, kowa ya san abin da ya bayar da abin da ya karɓa. Ya yi kamar shekara 8, sa'an nan ya warware a kan shanun Fulani da mutanen Fana suka kora, Fanan nan tamu da ke kusa.

Da Toga ya rasu a 1883, Sama ya hau. Ya fito mayaƙi na gaske, mai saurin hawa, mai ɓoye inda ya nufa, har ana ƙidaya masa garuruwa 90 da ya ci daga hannun Sakkwato da Gwandu. A 1892 Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ake wa laƙabi Ɗanyen Kasko, ya tara runduna mai yawa ya nufo Argungu, Sama ya fito da Kabawa da dawakin Zabarma ya kore su. Ni dai ba na jin daɗin ƙidayar nan ta garuruwa, gama waɗanda suka mutu a ɓangarorin biyu masu salla ne. Allah Ya gafarta musu duka. Abin da nake so a riƙe shi ne, a waɗannan shekaru Argungu ba ta kai gaisuwa Sakkwato ba, ba ta kai Gwandu ba, kuma babu mai hankalin da ya yi musun haka a lokacin.

To, yana cikin wannan yaƙi, ana wani a inda bai sani ba. Turawa sun taru a Barlin daga ƙarshen 1884 zuwa farkon 1885 suna shirya ƙa'idar rabon Afirka, kowa ya shiga neman takardar da zai nuna wa ɗan'uwansa. A watan Yuni 1885 wani Bature mai suna Joseph Thomson ya zo da sunan kamfanin Ingilishi na ciniki a Kwara, wanda daga baya ya zama Royal Niger Company, ya sami takarda daga Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da kuma Sarkin Gwandu Maliki. Kamfanin ya ɗauki alkawarin biyan jaka 3,000 ta wuri kowace shekara ga Sakkwato, jaka 2,000 ga Gwandu. A fada an ɗauki wannan a matsayin gaisuwar baƙon da aka ba amana ya yi ciniki, kamar yadda shari'a ta yarda. A Landan kuwa aka nuna takardar a matsayin shaidar cewa ƙasar ta shiga hannun kamfani. Takarda ɗaya, karatu biyu. Bayan shekara 10 Jamusawa ma suka iso Gwandu suka koma da tasu takardar, wanda ya isa ya nuna cewa a ganin Sarkin Gwandu bai sayar wa kowa kome ba.

Ku fatake kun san hukuncin dillalin da ya sayar da abin da ba nasa ba, ba da izinin mai shi ba. Ko da a ce Gwandu ta sayar da ƙasarta, ina ruwan wannan ciniki da Argungu, wadda ta fi shekara 30 da fita hannunta? Amma da wannan takarda Ingilishi suka yi da'awar Kabi da Dandi da Arewa.

Ran 5 ga Agusta 1890 Ingila da Faransa suka ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Barwa a bakin tafkin Chadi, bisa sharaɗin cewa duk abin da ke ƙarƙashin Sakkwato da gaskiya ya faɗa rabon kamfanin Ingilishi. Nan sai tambaya ta taso, shin Kabi tana ƙarƙashin Sakkwato? Wani hafsan Faransa mai suna Monteil ya biyo ta Sayi da Doso da Argungu a 1891 kafin ya isa Sakkwato, ya ga da idonsa ƙasashen biyu suna gaba, ya kai wa gwamnatinsa labari. Dubi ikon Allah. 'Yancin da Sama da ubansa da kakansa suka zub da jini a kansa, shi ya zama hujjar Faransa ta cewa ƙasar ba ta cikin rabon Ingila, saboda haka halal ce gare su. Ingilishi kuma, waɗanda daga baya za su zo su rushe daular Sakkwato, su ne a lokacin suka fi kowa dagewa a kan faɗinta. A farkon 1898 wani Bafaranse, Kyaftin Cazemajou, ya sauka Argungu ya rubuta tasa yarjejeniya da Sama, ya wuce Damagaram, can aka kashe shi a watan Mayu.

Wata guda bayan wannan, ran 14 ga Yuni 1898, aka gama maganar a Paris, ba a gayyaci Sama ba, ba a gayyaci Sarkin Musulmi ba. Aka tsaga Bargu gida biyu, Nikki ga Faransa, Busa ga Ingila. Aka ce iyaka ta ƙetare Kwara mil 10 sama da mashigin Illo, shi ya sa Illo da Lolo da ƙasar Bagudo suka zauna wannan gefe, Madekali da Gaya suka tafi wancan. Daga bakin kogi layin ya bi tsakiyar Dallol Mauri ya yi arewa, har ya haɗu da wata da'ira da suka zana a taswira, wadda cibiyarta birnin Sakkwato ne, nisan gefenta mil 100. Yarjejeniyar Cazemajou da Argungu ta zama kamar ba a yi ba, domin Argungu ta faɗa cikin da'irar. Kafin shekarar ta ƙare sojan Faransa sun zauna a Doso, garin Zarmakwai, babban abokin yaƙin Kabawa.

Ran 1 ga Janairu 1900 gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasa daga hannun kamfani, Lugga ya zama gwamna. Sama ya auna abin da ke gabansa, ya ga maƙiyin maƙiyinsa ya iso, sai ya karɓe su hannu biyu. A 1902 sojansu suka zauna a Argungu ƙarƙashin Kyaftin Merrick, daga nan kuma suka tashi suka haɗu da rundunar da ta fito daga Kano, aka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, cikin watan Zulhajji na 1320. Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira gabas, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli. Wannan shi ne wurin da malamai da yawa suke ɗaure wa Sama fuska, kuma ban ce ba su da dalili ba. Sai dai mutumin da aka kashe masa uba da kaka, da wuya ya hango cewa baƙon ya fi na gida haɗari.

Turawa sun tabbatar masa da sarautar Argungu, amma ladan bai wuce nan ba. Faransawa suka yi kukan cewa da'irar mil 100 ta tura hanyarsu ta zuwa Damagaram cikin daji marar rijiya. A yarjejeniyar 8 ga Afrilu 1904 Ingila ta ja da baya don ta sami biyan bukata a wasu wurare masu nisa, aka gyara layin a 1906, Dogon Dutsi da Matankari suka tafi Faransa tare da babban yankin Arewa. Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi daji suna kafa alamu 148 daga Kwara har Chadi. Kabawa suna cewa waɗannan ƙasashe talakawan Sarkin Kabi ne, Zabarmawa da Arawa kuwa suna cewa ƙawance ne kawai. Ko wanne ne gaskiya, ba a tambayi ko ɗaya daga cikinsu ba. Sarkin da ya kori rundunar Sakkwato a 1892 ya wayi gari waɗanda suka hau tare da shi suna biyan haraji ga kwamandan Faransa, ba a harba masa kibiya ko ɗaya ba.

Sama ya rasu a 1915, bayan shekara 32 a kan gado. Allah Ya jiƙansa. Gabar Argungu da Sakkwato ta mutu a 1934, da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu aka yi masa su a Matan Fada, asalin bikin kamun kifin da ya shahara. Layin Turawa kuwa bai mutu ba. Nijeriya da Nijar da Dahomey, wadda ta koma Benin a 1975, duk sun karɓi mulkin kai a 1960 suka gāje shi yadda yake. Shi ne ya ratsa tsakanin Kamba da Tungar Jado, ya raba Dole gida biyu, ya bi tsakanin Tsamiya da Segbana. Shi ne aka rufe a watan Agusta 2019, aka sāke rufewa a 2023, motocinku suka yi ta kwana a bakin hanya.

Almajirin nan da na gaya wa wannan duka, ya ce to da wa kawunsa zai yi shari'a. Na ce ya ɗauko allonsa, azahar ta kusa. Wasalam.