Muhammadu Rumfa: Sarkin da ya gina fada, ya bar wa itatuwa wuri a cikinta

Duk wanda ya tsaya a Ƙofar Kudu ranar hawan salla, idonsa kan tafi ne ga dawaki da rawuna, kunnensa ga kakaki. Kaɗan ne ke tuna cewa bayan wannan katanga akwai fili mai manyan itatuwa da Kanawa ke kira Sheka, a cikin gidan da aka gina fiye da shekara 500 da suka wuce. Mai wannan gida shi ne Muhammadu Rumfa, wanda ya mulki Kano daga 1463 zuwa 1499.

Rumfa ɗan Sarki Yakubu ne, kuma shi ne na 20 a jerin sarakunan da suka fito daga tsatson Bagauda. Ya gāji birnin da arzikinsa ke bunƙasa. Tun zamanin mahaifinsa ayarin fatake ke shigowa da gishiri daga Azbin, goro kuma na zuwa daga Gwanja, malamai suna isowa da littattafai. Jama'a ta yi wa tsofaffin unguwannin gindin Dala yawa, sarauta kuma tana zaune a tsakiyarsu.

Abu na farko da ya bambanta Rumfa shi ne ya fitar da sarauta daga wannan cunkoso. Wajen shekarar 1480 ya zaɓi fili a kudu da tsohon gari, ya gina sabuwar fada, sannan ya faɗaɗa ganuwa domin ta rungume ta. Ana danganta Gidan Makama, wanda yau gidan adana kayan tarihi ne, da zamansa kafin a kammala ginin. Fadar da ya kafa, wadda har yau ake kira Gidan Rumfa, ta kai kimanin eka 33, amma ba duka aka cika da gini ba. An bar sarari mai faɗi ga itatuwa.

Dalilin haka yana cikin wani sauyi da shi kansa ya kawo. Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya ce Rumfa ne ya fara kulle a fada, kuma ya tara mata masu yawan gaske a cikinta. Gidan da ɗaruruwan mutane ba sa fita daga cikinsa dole ya ƙunshi abin da ake fita nema: rijiya, rumbu, wurin aiki, inuwa da iska. Itatuwan Sheka suna rage zafin bazara, suna tare ƙurar hunturu, suna kuma zama shamaki tsakanin cikin gida da idon waje. Matan fada kuwa ba zaman banza suke ba, domin kula da hatsin gidan sarki yana hannunsu.

A wannan zamani sarakunan Musulmi a wasu sassan duniya sun ɗauki lambu a matsayin ɓangaren fada. A Andalus, sarakunan Garnaɗa suna da lambunan da ke kewaye da fadar Alhamra, birnin da ya faɗa hannun Kiristocin Sifaniya a 1492, Rumfa na kan gado. Can da ruwa mai gudu aka yi ado. A Kano, ƙasar da ruwan sama ke ɗaukewa fiye da rabin shekara, itace mai daɗewa ne ya ɗauki wannan matsayi.

A wajen wannan lokaci ne Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Magili, mutumin Tilimsan, ya sauka Kano. Ya rubuta wa Rumfa littafin Tajuddini kan abin da ya wajaba a kan masu mulki, kafin ya wuce Gawo wurin Askiya Muhammadu. Da shawararsa aka sare wata itaciya da masu tsafi ke girmamawa, aka gina masallacin Juma'a a gurbinta. Sarkin da ya killace itatuwa domin inuwa bai yi jinkirin sare wadda ake bauta wa ba.

Tarihin ya jingina masa sababbin abubuwa 12. Daga ciki akwai kasuwar Kurmi, wadda ta tattara cinikin birni wuri guda har ta zama matattarar fataken Sahara, kuma tana ci har yau. Akwai majalisar Tara ta Kano, da ba bayi da babanni manyan muƙamai domin rage ƙarfin 'ya'yan sarauta, da kakaki, da figini, da dawakin zage, da sallar Idi a Shadakoko. Mulkinsa bai rasa nauyi ba. Ya yi yaƙi da Katsina shekara 11 babu wanda ya rinjayi wani, kuma cika fada da mata da bayi yana nufin raba mutane da garuruwansu.

Ya rasu a 1499, ɗansa Abdullahi, ɗan Madaki Auwa, ya gaje shi. Gidan kuwa ya wuce daular da ta gina shi. Bayan jihadi ya kawar da Sarki Alwali a farkon ƙarni na 19, sarakunan Fulani sun shiga suka zauna. Su ma sun bi sawunsa wajen neman sarari, har suka fita bayan ganuwa: Ibrahim Dabo ya raya Fanisau, Abdullahi Maje Ƙarofi ya kafa gidan Nassarawa da gandunsa. Turawa sun ci Kano a 1903, suka bar fadar a inda take.

Yau birni ya haɗiye Nassarawa, an cike kududdufai da dama an yi gini a kansu, ganuwar da Rumfa ya faɗaɗa ta zube a wurare masu yawa. Ɗan kasuwar da ke neman ƙarin shago da ma'aikacin da ke sa hannu a takardar fili, su ne ke yanke hukuncin abin da zai saura. Itatuwan Sheka sun tsira ne saboda an keɓe musu wuri tun ranar da aka shata harsashi, aka kuma kewaye su da katanga.