As-Suli, Gwanin Shaɗaranji Na Bagadaza

A zamanin Halifa Muktafi, wanda ya yi mulkin daular Abbasiyya daga 902 zuwa 908, akwai wani mutum a fadar Bagadaza ana ce masa Mawardi, shi ne gwanin wasan shaɗaranji, watau irin darar nan mai gida 64 wadda Turawa ke kira ces. Halifa na ji da shi ƙwarai. Ana nan sai aka kawo labarin wani malami mai suna Abubakar Muhammadu ɗan Yahaya as-Suli, jikan sarakunan Turkawa na ƙasar Jurjan. Halifa ya sa aka haɗa su a gabansa, yana ta goyon bayan nasa, amma as-Suli ya lallasa Mawardi sarai. Tun daga ranar ya zama abokin hirar Halifa.

Shaɗaranjin wancan zamani ba shi da gaggawa kamar na yanzu. Waziri gida ɗaya tak yake takawa, shi ma a karkace, giwa kuwa tsallake ɗaya take yi ta tsaya. Saboda haka rundunonin biyu kan daɗe ba su haɗu ba, mai wasa yana jera mutanensa sannu a hankali, ya san inda yake son kowannensu ya tsaya tun kafin ya taɓa na farko. Wannan jeri shi Larabawa ke kira ta'abiya. As-Suli ya rubuta littafi sukutum a kan wasan, ya bayyana irin waɗannan jeri, da yadda ake kai ƙarshen wasa idan mutane sun ƙare. Duk wanda ya taɓa zama gindin dara ya san mai kallon ramin gabansa kaɗai ba ya daɗewa ba a cinye shi ba.

Ba wasa kaɗai ya iya ba. Malamin tarihi ne da waƙa, shi ya rubuta Kitabul Auraƙ a kan halifofin Abbasiyya, ya kuma tattara waƙoƙin Abu Tammam. Shi ya karantar da Radi tun yana yaro, da Radi ya hau gado a 934 kuwa sai ya jawo malaminsa kusa. Amma fada ba ta da tabbas. Radi ya rasu a 940, sabon Halifa Muttaƙi bai waiwaye shi ba. As-Suli ya koma Basra, can ya rasu wajen 946 cikin talauci.

Ya bar wata matsala da ta gagari mutane. An ajiye mutum huɗu kawai a kan allo, kowane gefe sarki da waziri. A dokar lokacin, wanda ya cinye duk mutanen abokin karawarsa ya bar masa sarki tsirara ya ci wasa. As-Suli yana ganin ba mai iya warwarewa sai wanda ya koya wa. Wuyar ita ce dole sarki ya yi ta zagaye da ja da baya, taku gomiya bayan gomiya, kafin ya rutsa wazirin, kuskure ɗaya kuma ya ɓata duka.

Shekara dubu da 'yan kai ana fama da ita. Sai a cikin shekarun 1980 wani gwani ɗan Rasha, Yuri Averbakh, ya gano hanyar. Daga baya aka gwada da kwamfuta, ta tabbatar cewa lalle akwai ci, kamar yadda as-Suli ya faɗa.