Abbie Lathrop: Malamar da ta koma kiwon ɓeraye

Idan aka ce muku malamar makaranta ta ajiye alli ta koma kiwon ɓera, dariya za ku yi ko? To ku tsaya tukuna.

An haifi Abbie Lathrop a 1868 a jihar Illinois ta Amurka. Cutar ƙarancin jini ce ta raba ta da aji, sai ta koma gona a garin Granby da ke Massachusetts a 1900. Ta gwada kiwon kaji, abin bai yi ba. Kiwon ɓeraye kuwa ya karɓe ta, har suka haura 11,000, masana daga Harvard suna saye.

Abin da ya fi burge ni, ba ciniki kawai ta sa a gaba ba. Ita ta lura da kumburi a jikin wasu, ta aika wa masanin cututtuka Leo Loeb, suka yi shekaru suna nazarin cutar daji tare.

Ta rasu a 1918. A 1921 Clarence Little ya samar da nau'in C57BL daga wata ɓeranya mai lamba 57, 'yar asalin gonarta. Yau idan masana suka kashe ƙwayar gado ta Rag1 don ɓera ya tashi ba shi da ƙwayoyin garkuwar jiki na T da B, sau da yawa tattaɓa-kunnen ɓerayenta ne a cikin kejin.