Nana Asma'u ƴar Shehu: malamar da ta horar da malamai mata

Ya kai mai karatu, ko kana Magariya, ko Dungas, ko wani ƙauye da ke kewayensu, ka san yadda ake koyon sana'a a ƙasarmu. Ɗan maƙeri yakan fara da zuga kafin a ba shi masaba. Ƴar mai saƙa takan fara da kallon hannun uwarta. Koyar da ƙananan yara ma sana'a ce, kuma a gaban gwani ake koyonta. A wannan shafi za ka karanta tarihin wata mace wadda ta gane haka tun kusan shekara 200 da suka wuce. Sunanta Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo.

Haihuwarta da ƙuruciyarta

An haifi Nana Asma'u a shekarar 1793 a Ɗagel, cikin ƙasar Gobir. Mahaifinta, Shehu Usmanu, an haife shi a 1754 a Maratta, garin da yanzu yake cikin jihar Tawa ta Nijar, kuma ya yi karatu a Agadas wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Ka ga ashe tushen wannan gida bai yi nisa da mu ba.

Asma'u ƴar tagwaye ce, sunan ɗan'uwanta Hassan. Mahaifiyarsu Maimuna ta rasu tun suna ƙanana ƙwarai. Sai matan Shehu, A'isha da Hauwa'u mahaifiyar Muhammadu Bello, suka ɗauki renonta. Gidan Shehu gidan karatu ne, kuma matan cikinsa malamai ne. A hannunsu ta fara riƙe allo, ta koyi baƙi da wasali, ta koyi alwala da salla, ta kuma koyi ayyukan gida. Da ta girma ta haddace Alƙur'ani, ta yi zurfi a ilmin addini. Ta iya Fulatanci da Larabci da Hausa, tana kuma jin harshen Buzaye.

Shehu ya sha tsawata wa malaman zamaninsa waɗanda suke tara almajirai a zaure, amma su bar matansu da ƴaƴansu mata cikin duhun jahilci. Asma'u ta tashi tana jin wannan magana, tana kuma ganin ana aiki da ita a cikin gidansu.

Hijira da shekarun yaƙi

A shekarar 1804 dangantaka ta lalace tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa. Jama'a suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu. A lokacin Asma'u tana da kimanin shekara 11. Daga nan yaƙi ya ɓarke. Jama'a suka yi ta ƙaura daga wannan zango zuwa wancan, ga yunwa, ga cuta, ga mace-mace. Yarinyar ta ga zawarawa da marayu da idonta. A 1808 aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, sannan a 1809 Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato.

Cikin waɗannan shekaru aka aurar da ita ga Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Ta haifi ƴaƴa maza shida, na farkon ya rasu yana jariri. Saboda haka duk karatu da rubutun da za ka ji ta yi, ta yi su ne tana matar aure, tana reno, tana kula da babban gida mai yawan baƙi.

Shehu ya rasu a 1817, Bello ya gaje shi. Asma'u da mijinta suka duƙufa wajen tattara rubuce-rubucen Shehu da adana su, domin kada su salwanta. A 1820 ta rubuta littafinta na Larabci mai suna Tanbihul Gafilina.

Matsalar da ta tarar

Yaƙi ya ƙare a wasu wurare, amma ya bar tabo. An kamo mata masu yawa daga garuruwan da aka ci, aka shigar da su gidaje a matsayin bayi da ƙwaraƙwarai. Yawancinsu Hausa kaɗai suke ji. Matan ƙauyuka kuwa ba su da makaranta, ba su da malami. Idan ciwo ya kama yaro ko damuwa ta yi wa mace yawa, wurin masu bori ake zuwa.

Asma'u ta duba ta ga cewa waɗannan mata su ne suke goyon ƴaƴan al'umma. Daga bakinsu yaro yake jin kalmarsa ta farko, a hannunsu yake koyon ladabi da tsabta. Muddin an bar uwa a jahilci, to, yaron da ke bayanta ya soma rayuwa da giɓi. Amma ita mace ɗaya ce a cikin birni, ba za ta iya shiga kowane ƙauye ba. Matan aure masu goyo kuma ba za su iya barin gida su yi tafiyar kwanaki zuwa Sakkwato ba. Yaya za a yi ilmi ya kai gare su?

Ƴan Taru da jajojinsu

Amsar da ta samo ita ce ta horar da waɗanda za su koyar a madadinta. Daga wajejen 1830 zuwa 1840 wannan tsari ya kafu, aka san shi da suna Ƴan Taru. Ga yadda yake aiki.

A kowane yanki akan sami dattijuwa mai hankali, wadda mutane suka yarda da halinta. Ita ake naɗawa jaji. Jaji a asali shi ne jagoran ayarin fatake, wanda ya san hanya da inda ruwa yake. Asma'u takan ba jaji malfa, ta naɗa mata jan ƙyalle a kai. Malfa a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori. Da Asma'u ta ɗora ta a kan malama, sai matan karkara suka gane nan take cewa wannan mace shugaba ce, ta cancanci a saurare ta.

Jaji takan taro ƴan mata waɗanda ba su yi aure ba, da tsofaffin mata waɗanda suka gama haihuwa, su kama hanya a ƙasa zuwa wurin Asma'u. Sukan zo da sadaka irin ta mutanen karkara, kamar hatsi da zuma da man shanu da zane, ita kuma ta rarraba wa mabukata. Sai su zauna gabanta. Takan rera musu darasi cikin waƙa, su maimaita har ya zauna a ka, sannan ta warware musu ma'anarsa. Wadda take da damuwa ta faɗa, a ba ta shawara. Idan sun koma gida, sai su shiga ɗaki-ɗaki suna koya wa matan da ba su sami zuwa ba. Bayan wani lokaci su sake dawowa, a gyara musu abin da suka manta, a ƙara musu sabo.

Aikin jaji bai tsaya a kan karatu ba. Takan sasanta mata idan sun saɓa, ta taimaki mai naƙuda, ta yi wa mamata mata wanka, ta lura da marasa lafiya da marayu.

Dalilin da ya sa ta zaɓi waƙa

Takarda tana da tsada a wancan zamani, kuma da hannu ake kwafe kowane littafi. Yawancin ɗalibanta ba su iya karatu ba. Waƙa kuwa ba ta da nauyin ɗauka. Mace tana iya rera ta tana daka, ko tana kaɗi, ko tana lallashin yaro, shi kuma yaron yana ji tun yana goye.

Ta rubuta waƙoƙinta na Hausa da na Fulatanci da ajami. Ta mai da waƙar mahaifinta, Tabbat Haƙiƙa, daga Fulatanci zuwa Hausa a 1831. Ta tsara waƙa mai baiti 30 wadda ta ƙunshi sunayen surorin Alƙur'ani duka, domin mai koyo ya riƙe su cikin sauƙi. A 1837 ta yi Tawassuli ga Mata Masu Albarka, inda ta jera mata salihai na tarihi, domin ɗalibanta su sami abin koyi daga jinsinsu. Ayyukanta fiye da 60 sun wanzu har yau.

Wani abin lura shi ne mutanen da ta yi wa waƙar ta'aziyya. Ta yi wa manya irin su Bello, wanda ya rasu a 1837. Amma ta yi wa maƙwabciyarta Halima, da Zaharatu mai taimakon mata wajen haihuwa, da jajinta Hauwa'u. A cikinsu halin kirki da haƙuri da taimakon jama'a ta yaba, ba dukiya ko sarauta ba.

Rasuwarta da abin da ta bari

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara 70 da ƴan kai. An binne ta kusa da mahaifinta a Hubbare, cikin Sakkwato. Aikin bai mutu da ita ba, domin ƙanwarta Maryam ta karɓi jagorancin Ƴan Taru, aka kuma ci gaba da shi har bayan zuwan Turawa a 1903. Waziri Junaidu, wanda ya fito daga zuriyarta, ya adana rubuce-rubucenta. Da taimakonsa wata Baturiyar Ingila, Jean Boyd, ta wallafa tarihinta a 1989, sannan a 1997 ita da Beverly Mack ta Amurka suka buga ayyukanta a littafi guda.

Darasi ga mai son koyon renon yara da koyar da su

Ƙasar Damagaram ba ta kasance ƙarƙashin daular Sakkwato ba, kuma Asma'u ba ta buɗe makarantar ƙananan yara irin ta yau ba. Duk da haka hanyar da ta bi tana da amfani a gare mu. Masana lafiya sun tabbatar cewa ƙwaƙwalwar yaro ta fi saurin ginuwa a shekarunsa na farko, musamman kwana 1000 daga ɗaukar ciki zuwa cikarsa shekara 2. Hausawa ma sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan kana so ka koyi wannan aiki, ko kina so ki koya, ga abubuwan da za a ɗauka daga rayuwarta.

Na farko, a nemi gwani a zauna gabansa. A kalli yadda malama mai ƙwarewa take tarbar yaro, yadda take kwantar da mai kuka, yadda take raba faɗa ba tare da duka ba. Daga nan a gwada a gabanta, ta gyara.

Na biyu, a yi wa yaro magana da harshen da yake ji. Asma'u ta iya Larabci sosai, amma da Hausa ta koyar da Hausawa.

Na uku, a yi aiki da abin da ke hannu. Waƙa da tatsuniya da kacici-kacici ba sa cin kuɗi. Da tsakuwa da ƴaƴan goruba ana iya koya wa yaro ƙirga.

Na huɗu, kada a raina tsofaffi. Kaka tana da lokaci, tana da haƙuri, kuma jikoki sun saba da ita.

Na biyar, a riƙa komawa wurin malami. Jaji ba ta ɗauki malfa a matsayin ƙarshen karatu ba.

Kai da ka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanka, kada ka ce lokaci ya wuce maka. Yawancin jajojin Nana Asma'u sun manyanta kafin su zama malamai. Baƙin da ka koya yau, ka nuna wa yaron gidanku kafin dare ya yi.