Dostoevsky: Marubucin Rasha da ya ga mutum biyu a jikin mutum ɗaya

A ranar 22 ga Disamban 1849 aka kai Fyodor Dostoevsky, mai shekara 28, dandalin Semyonov da ke birnin St Petersburg domin a harbe shi da abokansa, bisa laifin shiga ƙungiyar masu sukar mulkin Sarki Nikolas na Ɗaya. Har sojoji sun saita bindigogi sai ga saƙon sassauci. Ashe dama an shirya ne don a razana su.

An haife shi a Mosko a 1821, mahaifinsa likita ne a asibitin talakawa. Littafinsa na farko, a 1846, ya sa manyan masu sharhi suka ɗauke shi a ka. Na biyun, mai suna Dvoynik, wato mai kama da wani, ya fito a shekarar, kuma waɗanda suka yabe shi jiya su suka yi masa ca.

Labarin wani ƙaramin akawu ne mai suna Golyadkin, wanda ya yi kiciɓis da wani mai fuskarsa da sunansa. Baƙon ya samu aiki a ofishinsu, ya iya fadanci da daɗin baki, abin da na ainihin ya kasa. Sannu a hankali ya ƙwace masa matsayi, har aka wuce da Golyadkin gidan mahaukata. Littafin yana da maimaici mai gundura, amma tunanin da ke cikinsa bai taɓa sakin marubucin ba.

Bayan shekara huɗu na aikin wahala a Omsk da ke Sibiriya, da wasu shekarun aikin soja na dole, ya dawo a 1859. Tsohon mai neman sauyi ya koma mai kare addini da sarauta, ga farfaɗiya, ga bashi, ga caca da ta daɗe tana cinye masa kuɗi.

Daga nan mai kamar ya daina zuwa daga waje, ya koma cikin zuciya. Raskolnikov, ɗalibin da ya kashe tsohuwa mai ba da bashi a littafinsa na 1866, sunansa ma daga kalmar tsagewa ya samo asali: mai tausayi ne, kuma mai kisa. A littafinsa na ƙarshe kuwa, Ivan Karamazov ya yi musu da Shaiɗan a ɗakinsa, yana jin munanan tunaninsa na fitowa daga bakin baƙon.

Dostoevsky ya rasu a St Petersburg a Fabrairun 1881, watanni kaɗan bayan kammala wannan littafi.