Marigayi Cus D'Amato, Mai Horon Da Ya Mai Da Tsoro Makami

Duk wanda ya taɓa halartar gidan dambe a Kano ya san aikin makaɗi. Kafin ɗan dambe ya shiga fage sai an zuga shi da kalangu da kirari, har ya manta da fargaba. A Amurka kuwa an yi wani mai horar da 'yan damben zamani wanda bai nemi yaransa su manta da tsoro ba. Koya musu ya yi yadda za su zauna da shi.

An haifi Constantine D'Amato, wanda aka fi sani da Cus, ran 17 ga Janairu, 1908, a unguwar Bronx ta birnin New York. Iyayensa mutanen Italiya ne. Raunin da ya samu a ido wajen faɗa tun yana yaro shi ya hana shi zama ɗan dambe, sai ya koma horarwa, ya buɗe gidan horo na Gramercy.

A ganinsa tsoro kamar wuta yake. In an tsare ta a murhu ta dafa abinci, in an sake ta ta cinye gida. Saboda haka kafin yaro ya yi karonsa na farko, sai ya zaunar da shi ya gaya masa abin da zai same shi, watau barci zai ƙaurace masa a daren, kuma in ya hangi abokin karawarsa zai ga kamar ya fi shi girma da natsuwa, alhali shi ma cikinsa ya ɗuri ruwa. Idan abin ya auku kamar yadda aka faɗa, yaron ba zai ɗauka shi kaɗai ne matsoraci ba. Wannan darasi ba ya bukatar kuɗi ko kayan aiki. Mai horar da yara ƙwallo a lungunan Ƙofar Wambai ma yana iya bayar da shi.

Floyd Patterson ya zo hannunsa yana da shekara 14, yaro mai tsananin kunya wanda ya fito daga gidan gyaran hali. Ya ci zinariya a wasannin Olamfik na Helsinki a 1952, sa'an nan a 1956 ya doke Archie Moore ya karɓi kambun duniya na masu nauyi yana da shekara 21. A 1959 Ingemar Johansson ya kai shi ƙasa sau bakwai a turmi na uku. Shekara guda bayan haka ya ƙwato kambun, abin da babu wanda ya taɓa yi kafinsa a wannan aji.

Amma hanyar tana da iyaka. An sha zargin D'Amato da zaɓa wa yaronsa abokan karawa masu sauƙi, kuma zargin ba ya rasa tushe. Ya ƙi yarda Patterson ya kara da Sonny Liston, Patterson ya nace. A 1962 Liston ya gama da shi a turmin farko, ya sulale daga Chicago sanye da gemun ƙarya don kunya. Wani almajirin nasa, José Torres, ya ci kambun duniya a 1965, har Dick Tiger na Nijeriya ya raba shi da shi a 1966.

Da tsufa ya zo D'Amato ya koma garin Catskill, inda aka kawo masa Mike Tyson, shi ma daga gidan gyaran hali. Ya riƙe shi a gida kamar ɗa. D'Amato ya rasu ran 4 ga Nuwamba, 1985, sakamakon ciwon huhu. A Nuwamban 1986 Tyson ya doke Trevor Berbick ya ci kambun duniya yana da shekara 20.