Emile Berliner, Mutumin Da Ya Ƙirƙiro Garmaho

Kafin zuwan rediyo da kaset da wayar salula, garmaho ne ke kawo wa mutane waƙa har cikin ɗaki. Akwati ne mai allura da babban baki kamar na kakaki. Idan aka ɗora masa faifai ya fara juyawa, sai muryar mawaƙi ta fito ko da shi yana wata uwa duniya. Wanda ya ƙirƙiro wannan na'ura da faifanta shi ne Emile Berliner.

An haifi Berliner ranar 20 ga watan Mayu, 1851, a birnin Hanoba na ƙasar Jamus. Mahaifinsa ɗan kasuwa ne Bayahude mai 'ya'ya da yawa. Yana ɗan shekara 14 ya bar makaranta ya shiga neman abin kansa. A shekarar 1870 ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya zama yaron kanti a birnin Washinton. Daga baya ya koma New York, inda yake aikin ƙarfi da rana, da dare kuma ya je koyon kimiyya.

Mai nema yana tare da samu. A 1876 Alexander Graham Bell ya fito da wayar tarho, amma muryar da take ɗaukowa ba ta fita sosai. Berliner ya duƙufa a ɗan ɗakin da yake haya, har a 1877 ya haɗa wani irin makirufo mai ƙara wa murya ƙarfi. Kamfanin Bell ya sayi wannan fasaha, ya kuma ɗauke shi aiki.

A wannan shekara ta 1877 ne Thomas Edison ya ƙera na'urar farko mai ɗaukar murya ta maimaita. Sai dai tasa tana ajiye muryar ne a jikin wani abu mai siffar gwangwani, wanda yake da wuyar kwafa. Berliner ya bi wata hanya dabam. Ya ɗauki farantin tutiya mai faɗi, ya shafe shi da kaki. Idan mutum ya yi magana, allura takan yi rawa hagu da dama, tana zana siririn layi a kan kakin. Daga nan sai a tsoma farantin cikin ruwan asid, ya cinye wurin da allura ta bi. Da wannan faranti guda ake yin hatimi, a buga faifai ɗaruruwa masu murya iri ɗaya. A watan Nuwamba na 1887 gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar wannan ƙirƙira, wadda ya raɗa wa suna garmaho.

Da farko mutane sun ɗauki abin wasan yara ne, domin wani kamfanin kayan wasa na Jamus ne ya fara yin faifan don sayarwa, kuma da hannu ake juya shi. Sai da wani makaniki, Eldridge Johnson, ya haɗa masa inji mai sifirin a 1896, sannan faifai ya riƙa juyawa daidai wa daida. A 1898 aka buɗe kamfanin garmaho a Landan, aka kuma buɗe masana'antar faifai a Hanoba. Amma a 1900 rikicin shari'a da wani dillalinsa ya hana Berliner sayar da kayansa a Amurka, ya mayar da kasuwancin Kanada.

Bai tsaya ga garmaho kaɗai ba. Bayan wata 'yarsa ta yi ciwo mai tsanani tana jaririya, ya shafe shekaru yana wayar da kan iyaye mata su riƙa tafasa madara kafin su ba yara. Shi da ɗansa Henry kuma sun yi gwajin jirgi mai saukar ungulu. Ya rasu a Washinton ranar 3 ga watan Agusta, 1929, yana da shekara 78.

Tun yana raye aikinsa ya taɓo harshen Hausa. A ƙarshen shekarun 1920 kamfanin Zonophone ya ɗauki muryoyin 'yan Afirka ta Yamma a Landan, cikin harsuna da dama har da Hausa da Yarabanci. Da garmaho ya shigo ƙasar Hausa, mutane suka ga abin da ake ɗora masa ya yi kama da faifan da mata ke saƙawa don rufe ƙwarya, sai suka kira shi faifai. Daga baya manyan mawaƙa irin su Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos sun fito a faifai. Har yau muna cewa faifan bidiyo, ko da yake yawancin matasa ba su taɓa ganin garmaho ba.

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. A yau masu tara kayan tarihi suna rububin tsofaffin garmaho da faifai a wuraren gwanjo na Turai da Amurka. Dalili kuwa shi ne ƙarancinsu. An yi faifan dā da wani irin ƙaro da ake samu daga wasu ƙwari a Indiya, don haka yana faɗuwa sai ya fashe kamar tangaran. Masu saye sukan duba shekarunsa, da lafiyarsa, da sunan mawaƙin, da yawan irinsa da suka rage. A 2013 an sayar da faifan wani mawaƙi baƙar fata na Amurka, Tommy Johnson, a kan dala 37,100, saboda guda biyu kacal aka sani sun saura. Amma faifan da aka buga da yawa, ko wanda ya karce, ba ya yin daraja komai tsufansa.

Minna tsohon garin jirgin ƙasa ne, wanda kayan kanti suka daɗe suna sauka a cikinsa. Saboda haka ɗalibin da ya ci karo da faifan kakansa a Tagwai ko Bosso, kada ya jefar. Ya ajiye shi a tsaye, a inuwa, nesa da zafi da laima. Ko bai yi kuɗi a gwanjo ba, mai yiwuwa muryar da ke cikinsa ba ta saura a ko'ina sai nan.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Berliner, kuma yaushe ya koma Amurka?
2. Mene ne bambancin na'urarsa da ta Edison?
3. Me ya sa Hausawa suka raɗa wa faifan garmaho wannan suna?
4. Kawo abubuwa uku da ke sa tsohon faifai ya yi tsada.